Fatihar Malama Rimma

Tashkent, ranar Talata

Zuwa ga Sharofat, uwar Shokir,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya gajiyar jirgi, yaya kuma gwiwar nan taki da ba ta shiri da sanyi? Yaya 'yarmu Mastura da jaririnta, ruwan nono ya sauka sosai? Ki gaishe mini da surukanmu na Margilan, ki ce Allah ya raya. Mu nan lafiya ƙalau. Shayin surukarki Dilafruz ne dai har yanzu bai kamo ƙafar naki ba, amma kada ki faɗa mata.

Kin tuna shekarar da ƙasa ta girgiza da asuba ta kwantar da rabin Tashkent, muka koma zama a tantin sojoji, kika haifi Shokir a ciki? Kin tuna kukan da yake tsalawa, har matar tantin kusa da mu ta ce yaron nan in bai zama ladani ba zai zama mai tallan kankana? To tun daga wannan shekarar gidan nan bai ga hargitsi irin na makon nan ba.

Ba ki daɗe da tafiya ba sai ga babbar mota a bakin lungu, da fiyano a bayanta, baƙi wuluk. Sai da aka cire ƙyauren gida ɗungurungum kafin ya shiga. Samarin unguwa suna nishi, maƙwabcinmu Hoji Tursun yana ba da umarni daga inuwa kamar yadda ya saba. Aka ajiye shi a ɗakin baƙi, aka ture katifunki gefe.

Da aka watse ɗanki ya zaunar da ni. Ya ce ya gaji da yawo. Ke ma kin sani, tun da ya bar gidan opera, inda ake wasan kwaikwayo da waƙa, lokacin da albashinsu ya daina sayen buhun gari, yake gantali da muryarsa kamar mai tallan allura. Yau gidan biki, gobe cocin Rashawa, jibi a kira shi Almati a manna masa gemun ulu, a ba shi takobin kwali, ya mutu a kan dandamali saboda wata mata mai ƙiba. Ya ce muryar maza ta sama irin tasa, wadda suke kira tenor, ba ta tsufa da mutum, gara tun tana nan ya zauna gida ya koyar da ita. Har ya samu ɗalibai, 'yar mai kantin magani da wasu samari, suna jiran ya sa rana.

Wallahi na ji daɗi har na rasa inda zan sa hannuna. Sai na tambaye shi abin da kowane uba zai tambaya: wa ya yi maka fatiha?

Dariya ya yi. Ya ce yana da takardar shaida mai hatimi daga makarantar kiɗa. Na ce ni ban yi makaranta ba, yaƙi ya cinye mini shekarun karatu, wannan rubutun da kike gani kamar tonon kaza ma a soja na koye shi. Amma na san takarda ba ta ɗaga hannu ta ce amin. Ni shekaru na yi ina hura wa ubangidana Usta Normat tanderu, gashin hannuna ya ƙone ya sake fitowa ya sake ƙonewa, kafin ya tara mutane ya yi mini fatiha, na yafa masa alkyabba, sannan na manna gurasar farko da sunana. Wanzami haka, kafinta haka, mai dafa shinkafar biki haka. Wanda ya ɗauki almajiran sana'a ba tare da ubangidansa ya sallame shi ba, ɓarawon sana'a ne, ko da kuwa sana'ar ihu ce da Italiyanci.

Ya ce malamarsa ai Rimma ce, Barashiya, ba ta san wannan ba. Kuma rabonta da yi masa magana tun ranar da ta ji ya yi waƙa a gidan biki da makirufo, ta aiko masa cewa ya sayar da muryar da ta gina a kan faranti ɗaya na shinkafa. Ya ce ba zai je ya durƙusa mata ba. Na tashi na kulle ɗakin baƙi, na ɗaure makullin a ɗamarata.

Abin da ya faɗa daga nan shi ya sa na ɗauki alƙalami. Bai ɗaga murya ba, kin san ba ya ɓata ta a kan faɗa. Ya ce, “Baba, wani otal a Istanbul yana nemana, in riƙa yi wa masu cin abinci waƙa. In sanyi ya shigo ɗakin nan yana kulle, zan karɓa, in kwashi Dilafruz da yara.”

Uwar Shokir, ba zan ɓoye miki ba, tun ranar abinci ba ya mini ɗanɗano. In na kalli jikokinki suna faɗa a kan ɓawon kankana a tsakar gida sai in kau da kai. Amma makulli ba zai bar ɗamarata ba. Kada ki taso, ki cika wa Mastura arba'in ɗinta. Tunda shi ba zai je ba, ni zan je wurin matar nan.

Mijinki,
Mirsodik

Tashkent, ranar Lahadi

Zuwa ga uwar Shokir,

Ina gaishe ki, ina gaida mai jego da ɗan baƙonmu. Saƙonki ya iso ta hannun direban nan, da busasshen inabin da maganar, duka biyu. Kin ce in buɗe wa yaro ɗaki in daina taurin kai. Inabin ya yi daɗi.

Na je unguwar Cilanzar, gidan Malama Rimma. Na ɗauki gurasa mai zafi daga tanderun tsohon yarona, na naɗe a ƙyalle. Tana can ƙololuwar bene, abin hawan kuma ya mutu, sai da na huta a kowane hawa kamar jakin da aka yi wa lodin gishiri. Kin tuna ta a bikin Shokir, doguwa mai takalma masu tsini? Yanzu ta koma 'yar mitsitsiya, da sanda, gashi fari fat. Bakin ne kawai bai tsufa ba.

Tana buɗe ƙofa ta ce, a'a, mai gurasa, wa ya mutu? Na ce babu. Ta ce to me ya hawo da kai? Na ce a garinmu sai an zauna ake tambaya. Ta ce ta riga ni sanin garin, tun tana yarinya aka kawo ta lokacin yaƙi.

Ta kawo shayi. Sharofat, ta cika mini finjali fal har yana zuba a yatsuna, tana kallon tsakiyar idona. Baƙon da ake so ɗan kaɗan ake zuba masa a gindin finjali, don a yi ta ƙara masa ana hira. Wanda aka cika wa, an ce masa sha ka kama hanya. Da baƙuwa ce sai in ce rashin sani ne, amma wannan ta sani sarai. A rayuwata ba a taɓa yi mini haka ba. Na ji ƙafafuna suna son tashi da kansu.

Sai na tuna Istanbul. Na ɗaga finjalin na shanye da zafinsa, harshena ya saluɓe, na miƙa mata. Ta sake cikawa. Na sake shanyewa. Haka muka yi ta yi, ba mai magana, har butar ta ƙare. Na ce ko akwai wata? Ta jingina da kujera ta ce yanzu ta gane inda yaron ya samo kansa na dutse.

Daga nan muka yi magana. Na faɗa mata komai. Ta ce ita ba liman ba ce, fatiha kuma ta ina? Na ce ba karatu na zo nema ba, sallama na zo nema, wanda ya koyar shi ke sallama. Sai ta shiga zuba. Wai ta same shi yana ɗan saurayi yana ihu kamar ɗan maraƙi, ta koya masa tsayuwa, ta koya masa numfashi daga ciki, ta hana shi ruwan sanyi da taunar 'ya'yan furen sunfulawa. Wai ta kai shi inda zai cika babban zaure da muryarsa ba tare da na'ura ba, shi kuma ya je yana lasar makirufo a gaban mashaya. Na ce mata 'ya'yansa ba sa cin tafi. Ta ce ta sani. Ta gutsuri gurasar, ta ce gishirin ya yi yawa. Bai yi ba.

Ta tambaye ni ko har yanzu yana ɗaga haɓa in zai hau sama. Na ce ban san wannan ba, na dai san in ya fara gwajinsa na safe karen Hoji yana taya shi. Ta yi dariya har da tari. A nan na ga hotonsa a kan fiyanonta, da kayan wasa da takobi, an goge shi tas babu ƙura. Na yi kamar ban gani ba, ita ma ta yi kamar ban gani ba.

Ƙarshe ta ce ba za ta sa albarka a kan muryar da ta yi shekaru ba ta ji ba. Ba za ta aika a kira shi ba, kuma ta san ba zai zo ba. Na ce akwai hanya. Ranar Asabar Hoji Tursun zai yi osh, shinkafar biki, na auren jikansa, Shokir ne zai yi waƙa. Mata ba sa zama a shinkafar asuba, amma katanga ɗaya ce tsakaninmu da Hoji, in ta zauna ƙarƙashin rumfar inabinmu za ta ji har ƙarar cokali. Ta ce mutumin kirki ba ya waƙa da asuba, maƙogwaro bai farka ba, wannan ma wani laifin ne a kansa. Na ce zan zo da tasi. Ta ce kada in soma. Na ce in ba ta sauko ba zan hawo, kuma ta tanadi shayi.

Ba ta ce e ba, amma ta rako ni har bakin matattakala. A hanyar dawowa na sha wuya saboda shayin nan, bas kuma ba ya tsayawa don dattijo. Wannan ma kada ki faɗa wa kowa.

Shokir bai san na je ba. Muna gaisawa, muna cin abinci a faranti ɗaya, ba ma taɓa maganar. Jiya na ga Dilafruz ta sauko da babbar jaka daga saman kabad tana kakkaɓewa. Ki yi mana addu'a.

Naki,
Mirsodik

Tashkent, ranar Asabar da yamma

Zuwa ga Sharofat,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta Mastura da yaro. Ki nemi wuri ki zauna, ki sa wa gwiwarki matashi, labarin da tsawo.

Ta sauko. Na same ta a ƙofar bene da sandarta da mayafin ulu, tana faɗa wa direba ya makara alhali bai makara ba. Dilafruz ta shimfiɗa mata a ƙarƙashin inabi, ni na wuce gidan Hoji bayan salla.

Kin san osh ɗin Hoji, ba ya yin abu kaɗan. Tsakar gida cike da maza har lungu, mutum biyu faranti ɗaya, masu ci suna shafa addu'a suna tashi, wasu suna zama. Shokir yana gefe da masu kiɗa yana rera waƙoƙinmu na gida a hankali. Na lura bai kalle ni ba ko sau ɗaya, kunnuwansa kuma sun yi ja. Ashe Dilafruz ta faɗa masa tun yana ɗaura takalmi. Surukarki tulu ce mai huda.

Can sai Hoji, don ya burge dangin amarya da suka zo daga Samarkand, ya ce a yi masa waƙar Italiyan nan mai hawa sama. Shokir ya ajiye makirufo a kan tebur, ya matsa tsakiyar fili, ya fara da bakinsa kawai. Farkon ya yi kyau, har masu raba shayi suka rage gudu. Ya yi ta hawa, ya yi ta hawa. Da ya zo wurin da ake jira, sai muryar ta tsage kamar ta ɗan zakaran da ke koyon cara.

Wani ya yi tari. Sai daga bayan katanga, daga gidanmu, murya ta faɗo a kan mazan unguwa gaba ɗaya:

“Sauke haɓar nan, jaki! Wa ya ce ka miƙa wuya kamar agwagwa? Koma baya ka sake.”

Mutane suka daskare da shinkafa a hannu. Baƙin Samarkand suna waige-waige. Na ce a raina shi ke nan, Mirsodik, ka kashe gidanka da hannunka, yau ɗin nan zai nemi tikiti. Mutum mai 'ya'ya, a ce masa jaki a gaban surukan maƙwabta, kuma mace, kuma ta kan katanga.

Ɗanki ya juya ya fuskanci katangar. Ya ɗora hannu a ƙirji ya ce, “To, Malama.” Ya koma baya ya sake.

Ba ta bar shi ya kai ba. Ta ce numfashin a kafaɗa yake, ya mayar da shi ciki. Ya sake. Ta ce ya buɗe baki, ba wasiƙa ake turawa ta ciki ba. Ya sake. Waɗanda suka gama ci suka ƙi tashi, na waje suna leƙe, mai dafa abinci yana ƙorafin shinkafarsa za ta kwanta. Wani tsoho daga cikin baƙi har ya fara taya ta, yana cewa haɓa, ɗana, haɓa. Sannan muryar saman nan ta zo. Ban san yadda zan rubuta miki ba. Ta fito a buɗe, ba ƙoƙari, ta cika gidan Hoji ta haura, ya riƙe ta har na ji numfashina ni ya ƙare. Mai dafa abinci ya tsaya da ludayi a sama.

Duk muka juya muna kallon katanga. Sai ta ce, “Ba laifi.”

Daga baya Shokir ya ce mini duk zamansa a hannunta bai taɓa samun fiye da wannan ba.

Ban bar ƙarfen ya huce ba. Na ja Hoji da dattawa zuwa gidanmu. A nan Hoji ya fara jan gemu, wai anya mace, kuma ba musulma ba, za ta yi wa mutum fatihar sana'a, ba a taɓa yi ba a unguwar nan. Na ce Hoji, an taɓa. Mahaifinka a wurin wa ya koyi ƙirar kwano? Ba wurin Ashot Ba'armeniye ba? A ƙarƙashin bishiyar bakin masallaci Ashot ya sallame shi, liman ya yi karatu, aka yanka baƙin rago, kai kuma kana ɗan yaro ka yi ta birgima a ƙasa don kai kake ba ragon ciyawa. Ina wurin, ni na riƙe ka. Dattawa suka fashe da dariya. Hoji ya ce ragon ba baƙi ba ne. Na ce to ka tuna ke nan. Maganar mace kuwa, na ce wa ke sallamar masu ɗinkin hula, ba mata ba?

Yanzu ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Na buɗe akwatinki na ɗauko sabuwar alkyabbar nan mai ratsin kore da kika ajiye wa surukin Mastura. Zan saya miki wata. Shokir ya yafa wa malamarsa, ta nutse a ciki, hannuwan suna jan ƙasa, kai kawai ake gani. Ta ce ita ba ta iya addu'armu ba. Hoji ya ce shi zai karanta, ita ta ɗaga hannu ta faɗi nata. Ta ɗaga. Ga abin da ta ce, na riƙe shi kalma kalma:

“Shokir, na sallame ka, je ka koyar. Kada ka yabi ɗalibi don uwarsa ta kawo maka kankana. Kada ka bar yaro ya taɓa sama kafin ya iya tsayuwa. Wanda ba shi da murya ka faɗa masa da wuri, ya je ya koyi gurasa.”

Aka ce amin, aka shafa. Na shafa tare da su, ko da yake na ji inda ta dosa. Ta ciro wani ɗan ƙarfe mai baki biyu daga jakarta, wanda ake bugawa ya ba da sauti, ta ce na malaminta ne, ta danƙa masa. Ɗanki ya sunkuya ya sumbaci hannunta, ya daɗe bai ɗago ba. Ni dai hayaƙin tukunyar Hoji ne ya shigar mini ido. Na kwance makulli na ba shi a gaban kowa.

Da ina raka ta mota na tambaye ta ko muryar ce ta gamsar da ita. Ta ce muryar ta yi tsatsa, sai an yi aiki. Abin da ta gani shi ne an gyara shi a gaban maza cike da gida bai yi fushi ba, wanda ya iya haɗiye wannan ana iya ba shi 'ya'yan mutane. Ta ce ba ta san inda ya gado shi ba, don ba wurina ba ne. Na ce wurin uwarsa ne. Kin ga ban ci haƙƙinki ba.

Da rana ya je gidan waya ya faɗa wa mutumin Istanbul ya nemi wani. Ɗalibai za su fara ranar Alhamis, har da jikan wannan tsohon na Samarkand yana tambaya. Yanzu haka ina jin sa a ɗakin baƙi yana taɓa fiyano, yaran suna bin sa da ihu.

Ki gaida kowa da kowa, ki sumbaci goshin jaririn a madadina, ki dawo da zarar arba'in ta cika, gidan ba ya zama daidai in ba kya ciki.

Saura abu ɗaya. Malama Rimma ta ce duk Alhamis za ta zo ta zauna a darasi, don kada ya lalata 'ya'yan mutane. Amma ba ta iya zaman ƙasa. Yau katifu muka tara mata, ta zame ta gefe, sai da Dilafruz ta tare ta. Kin san na sha rantsuwa kujerar Turawa ba za ta shiga gidan ubana ba. Gobe da sassafe zan tafi kasuwar Corsu in sayo mata ɗaya, mai hannu da jingina, in ɗauko ta a kaina ta gaban shagon shayi, duk mai dariya ya yi.

Mijinki,
Mirsodik mai gurasa